Basir da maganin cusawa: Mako ɗaya ya isa, in jini bai tsaya ba a nemi likita

Duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar kemis a Birnin Gwari bayan sallar Magariba ya san irin wannan ciniki. Mutum zai zo ya raɓe a gefe yana latsa waya, har sai masu sayen maganin zazzaɓi da na ciwon kai sun watse. Sannan ya matso, ya sassauta murya ya ce, "A ba ni na cusawan nan." Mai kemis ba ya tambayar komai, don shi ma kunyar yake ji. Zai yanko guda biyar ko shida daga cikin kwali, ya ƙulle a baƙar leda, a rabu ba a haɗa ido ba.

Maganin basir ake nufi, wanda ake cusawa ta dubura, ɗan dunƙule mai siffar harsashi, da ake saya ba sai da takardar likita ba. Ni ma na taɓa tsayawa a irin wannan layi, kuma maganin ya yi mini amfani, don haka ban zo kushe shi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kawuna, wanda ya fi shekara yana sayen wannan magani don ciwon da ba basir ba ne.

Ƙanin mahaifiyata ne, manomin masara a wani ƙauye da ke gabashin Birnin Gwari, ya ba hamsin baya. Ya fara ganin jini idan ya zaga. Ya ce basir ne, kowa ma ya ce basir ne. Ya sayi na cusawa, ya ji sauƙin ƙaiƙayi da raɗaɗi, jinin ya ɗauke na kwana biyu ya dawo. Ya ƙara saye. Ya haɗa da jiƙo na ranar kasuwa. Ya fara ramewa, muka ce damuwa ce, don a shekarun nan babu wanda ke ƙiba a yankinmu.

Wata rana na ce masa, "Kawu, ya kamata mu je Kaduna a duba ka."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, a kan basir zan kai kaina hannun masu garkuwa? Bari dai hanya ta yi kyau."

Ban iya musa masa ba, domin a lokacin gaskiya ya faɗa. Ranar da ciwo ya kayar da shi muka kai shi asibiti, likita ya sa safar hannu, ya duba shi da yatsa, abin da bai kai minti biyu ba. Ya fito ya kira ni gefe. Ƙari ne a ƙarshen hanji, kuma gwaji ya tabbatar ciwon daji ne da ya riga ya yi nisa. Kawu bai ga damina ta gaba ba. Allah Ya jiƙansa.

Tun daga ranar nake da ra'ayi guda a kan wannan magani: yana da amfani, amma amfaninsa na mako ɗaya ne. Wanda ya wuce mako yana cusawa ba tare da wani masani ya duba shi ba, caca yake yi da ransa.

Mene ne basir a wurin likita?

Kalmar basir daga Larabci muka aro ta. A likitance kuwa tana da ma'ana guda tak. A cikin dubura akwai wasu 'yan dunƙulen nama masu laushi, cike da jijiyoyin jini, kamar matashin kai. Kowa da su aka haife shi, kuma aikinsu shi ne taimakawa wajen rufe ƙofa don kada iska ko ruwa su zubo. Idan yawan yunƙuri, ko taurin bayan gida, ko nauyin juna biyu ya sa suka kumbura suka zazzago, shi ne ake kira basir na ciki.

Likitoci sun kasa shi mataki huɗu. A na 1 yana zubar da jini amma bai leƙo waje ba. A na 2 yana leƙowa lokacin bayan gida ya koma da kansa. A na 3 sai an tura shi da yatsa. A na 4 ya fito ya ƙi komawa, shi ne wanda muke cewa mai tsiro.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: basir na ciki galibi ba ya zafi, saboda wurin da yake babu jijiyoyin jin ciwo irin na fata. Alamarsa ita ce jini ja sosai, sabo, da ke ɗiga bayan an gama, ko a gan shi a hannu lokacin tsarki, tare da ƙaiƙayi ko danshi. Idan mutum yana jin zafi kamar an tsaga shi da reza lokacin bayan gida, yawanci tsagewar bakin dubura ce. Idan kumburi ne mai zogi da zazzaɓi, yana iya zama maruru ne ya tara mugunya. Kowanne da maganinsa daban.

Abin da ke cikin harsashin

Ana yin dunƙulen da wani kitse mai daskarewa, wanda ke narkewa da ɗumin jiki. Abin da aka cuɗa a cikin kitsen shi ne ya bambanta wani da wani.

Irin su Anusol na ɗauke da sinadaran da ke lulluɓe wurin su tsuke naman da ya kumbura, su rage danshi da ƙaiƙayi. Irin su Anusol HC da Proctosedyl da Scheriproct an ƙara musu sinadarin sitiroyid mai sassabe kumburi, biyun ƙarshe kuma har da mai kashe zafi. Waɗannan masu sitiroyid su ne masana'antunsu ke gargaɗin kada a wuce kwana 7 ana amfani da su, domin daɗewa a kansu na sa fatar wurin ta yi siriri, kuma idan akwai ƙwayar cuta sai ta sami sarari. Akwai kuma irin Preparation H na Amurka, mai matse jijiyoyin jini, wanda aka rubuta a jikinsa cewa mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai ciwon suga su tambayi likita kafin su taɓa.

Aikinsu duka ɗaya ne, su kwantar da ƙaiƙayi da raɗaɗi da kumburi na 'yan kwanaki, har jiki ya gyara kansa. Ga mai basir na mataki na 1 ko na 2 da ya tashi bayan doguwar tafiya ko bayan haihuwa, wannan taimako ne na gaske. Amma babu ɗaya cikinsu da ke mayar da tsiron da ya riga ya zazzago, babu kuma wanda ke hana basir dawowa matuƙar abin da ya haddasa shi na nan.

Sai a kula, ba duk mai siffar harsashi ne maganin basir ba. Akwai na gilisarin, wanda aikinsa saukar da bayan gida ne. Akwai na diklofenak, maganin ciwon jiki ne da ake ba wa wanda aka yi wa tiyata ko mai ciwon gaɓɓai, kuma yana iya ƙara wa mai zubar jini ta dubura matsala. Tunda ciniki ne na raɗa, ana kuma yanko magani daga kwalinsa, mutum na iya komawa gida da wani abu daban bai sani ba. Ka nemi a nuna maka kwalin. Ka duba suna, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa.

Akwai kuma batun zafi. Yawancin waɗannan magunguna an rubuta a ajiye su a wurin da bai wuce maki 25 ba, alhali a watan Maris da Afrilu shagon kwano a Birnin Gwari ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan ka matsa ka ji ya yi laushi, ka sa shi da ledarsa a ruwan randa na ɗan lokaci ya daskare. Wanda ya narke ya yoyo ko ya canza launi, a zubar. Lokacin da ya fi dacewa a sa shi ne bayan an yi bayan gida an yi tsarki, musamman da dare, a wanke hannu, a kwanta ta gefe, a tura shi a hankali, a ɗan jima a kwance. Ba a haɗiyarsa, ba a kuma sa wa yaro. Mai juna biyu ta fara tambaya a wurin awo.

Buhun da muke zuba komai a ciki

Matsalarmu ta fi ƙarfin magani, tana cikin sunan ciwon kansa. A bakin Bahaushe basir buhu ne, kowane ciwo ana jefawa a ciki. Tsaya ka saurari mai mota da lasifika ranar kasuwa. Ciwon baya basir ne, kumburin ciki basir ne, kasala basir ce, raunin mazakuta basir ne. Da wannan lissafi babu namijin da ba shi da basir, kuma dalilin da ya sa kasuwar ke ci ke nan.

Likitoci ba sa lissafa basir cikin sanannun abubuwan da ke kawo raunin mazakuta. Ciwon suga da hawan jini da shan taba ne kan gaba, kuma wanda ya shafe shekara yana shan jiƙon basir saboda wannan, ya bar ainihin ciwon yana cinsa.

Haka jini a bayan gida. A ƙauyen da ake shan ruwan rafi, atuni na kawo jini da majina. Irin tsutsar tsargiya da ke zama a hanji, wadda ake ɗauka wajen shiga ruwan fadama, ita ma tana kawo jini. Yaron da duburarsa ta zazzago, wanda iyaye mata kan danganta da ɗankanoma, yawanci gudawa ce ko tsutsar ciki ko rashin abinci mai gina jiki suka jawo. Sannan ga wanda ya fi su duka muni, ciwon daji na hanji da dubura, wanda ke fara bayyana da alamar da ba ta da maraba da basir.

A nan ne maganin cusawa ke zama tarko. Tunda yana rage raɗaɗi da ƙaiƙayi ko mene ne sanadinsu, sai mutum ya ɗauka ya dace da magani. Sauƙin da Kawu ya ji shi ne ya ƙara tabbatar masa cewa basir ne.

Ba zato nake yi ba. A wani bincike da likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka jagoranta tare da takwarorinsu na Amurka, wanda aka wallafa a 2018, an leƙa hanjin mutum sama da 300 masu shekara 45 zuwa sama da ke zubar da jini ta dubura. An samu ciwon daji a kusan mutum 1 cikin kowane 5 ko 6. Binciken ya nuna haɗarin ya fi yawa idan jinin ya haɗu da rama da canjin yanayin bayan gida. Akasarin mutanen ba su da ciwon daji, wannan gaskiya ne, amma wa zai yarda ya hau motar da aka ce 1 cikin 6 ba ta kaiwa?

Ciwon ba ya duba arziki ko suna. Shi ne ajalin Pele, gwarzon ƙwallon ƙafa na Brazil, a Disambar 2022. Shi ne ya kashe ɗan wasan fim na Amurka Chadwick Boseman a 2020 yana da shekara 43 kacal. Saboda yadda yake ƙara kama masu ƙarancin shekaru, a 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwajinsa daga 50 zuwa 45, ko mutum lafiyarsa ƙalau. Idan aka gano shi da wuri ana yankewa mutum ya warke. Mu kuwa yawancin namu sai ya yi nisa ake kai su.

Don haka ga alamun da in mutum ya ga ɗaya daga ciki, ya ajiye ledar kemis ya kama hanyar asibiti: jinin da ya wuce mako bai tsaya ba, ko yake tafiya yana dawowa, jini mai duhu ko wanda ya cakuɗe da bayan gida, bayan gida baƙi kamar kwalta ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini, rama ba dalili, gudawa da taurin ciki suna karɓa-karɓa na makonni, jin kamar ba a gama ba bayan an gama, jiri, haki da farin ido, da kuma duk wanda ya kai shekara 45 ya fara ganin jini, ko wanda wani a gidansu ya taɓa yin ciwon daji na hanji.

"To ina likitan yake?"

Na san amsar da mutumin Kuyello ko Dogon Dawa ko Randagi zai ba ni, domin ita Kawu ya ba ni. Mai zaune a Kaduna yana da sauƙin cewa a je asibiti. Mu da muka ga shekarun da dajin Kamuku, wanda ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, mun san lokacin da tafiyar kilomita 120 da 'yan kai zuwa Kaduna sai an yi sallama da iyali kamar ba za a dawo ba. Wurin da aka keɓe tun 1936, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999 don mutane su zo kallon namun dawa, sai ya zama abin da ake jin sunansa gaba ya faɗi. Ma'aikatan lafiya sun bar ƙauyuka da dama. Wanda ya rage shi ne mai kemis, shi ne likita, shi ne nas, kuma sau da yawa bashi yake bayarwa. Duk wanda zai zagi masu kemis na yankinmu bai san irin rayukan da suka riƙe ba.

Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Amma ina da amsa uku.

Ta farko, abubuwa sun ɗan sauya. Tun bayan sulhun da ya kai ga Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwambar 2024, motoci sun dawo hanya. Ba a ce komai ya wuce ba, amma hanyar da buhun masara da tirelar shanu ke bi, mara lafiya ma zai iya bi. Abin tsoro shi ne ɗabi'ar da muka koya a lokacin ƙunci ta zauna mana bayan ƙuncin ya sassauta.

Ta biyu, matakin farko ba ya buƙatar Kaduna. Duba da yatsa ba ya son wutar lantarki ko na'ura, safar hannu ce da ɗan mai. Likita a Babban Asibitin Jibril Mai Gwari zai iya yi, ƙwararren ma'aikacin lafiya a asibitin mazaɓa ma zai iya. Da yawa daga cikin ƙarin da ke fitowa a ƙarshen hanji yatsa na kai musu. Sai in an ga abin da ba a gane ba ne za a tura mutum Asibitin Barau Dikko a Kaduna ko na Shika a Zariya don a leƙa da na'ura.

Ta uku, kuɗi. A lissafa abin da mutum ke kashewa a shekara kan na cusawa da jiƙo da garin magani, a gwada da kuɗin mota da kati. Jinkiri ne ya fi kowane magani tsada. Mu da muka sayar da shanu biyu a kan jinyar da ba ta yi ba, mun san haka.

Gaskiyar magana, abin da ya fi hanya tare mu shi ne kunya. Dattijo ba ya son yaron da ya haifa ya ga tsiraicinsa. Mace ba ta son namiji ya duba ta, wata ma ko mijinta ba ta iya gaya wa, sai ta haihu uku tana fama. Kunya ado ce, amma Hausawa da kansu suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace na da damar ta nemi mace ta duba ta, kuma ungozomar da ta karɓi haihuwarta ba baƙuwar wurin ba ce.

Maganin da ya fi na kwali

Ga wanda aka duba aka tabbatar basir ne, labari mai daɗi shi ne maganin da ya fi aiki yana cikin tukunya. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 7, wanda aka fitar a 2005, ya nuna ƙara abinci mai harza yana rage zubar jini da sauran alamun basir da kusan rabi. Harza ita ce ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, wanda ke riƙe ruwa ya sa bayan gida ya yi laushi. Masana na son babba ya ci giram 25 zuwa 30 a yini.

Ba sai an je kanti ba. Wake, kuka, kuɓewa, zogale, rama, lalo, karkashi, kabewa, dankali, gwanda, gwaiba, mangwaro, ɗinya, goruba, da tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ya yi fari fat ba. Abin da muka koma ci, wato burodi da shayi da safe, taliyar leda da rana, farar shinkafa da dare, shi ne ke ɗaure ciki. Dusar da muke ba awaki ita hanjinmu ke nema. Sai ruwa, musamman ga manomi da mai haƙar zinare da direba da ɗan acaɓa, waɗanda ke yini a rana suna zufa.

Matasa kuma su ji wannan: tiramadol da kodin suna busar da ciki. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramadol bai bar gonaki da ramukan haƙa ba. Mai shan sa don ƙarfin aiki, yana cusa maganin basir da dare, yana ɗiban ruwa ne da kwando.

Akwai kuma abin da ke hannunka yanzu. Wani bincike da aka yi a wani asibiti a birnin Boston na Amurka kan mutum 125, aka wallafa a 2025, ya gano masu shiga banɗaki da waya sun fi sauran haɗarin basir da kashi 46 cikin 100, domin suna daɗewa a zaune. Binciken ƙarami ne, kuma a kan masai na zama aka yi shi, amma darasin a fili yake: in ya zo ka je, kada ka riƙe, kada ka yi yunƙuri, in ka gama ka tashi. Idan a can kake karanta wannan rubutu, ka ƙarasa a waje.

Zama cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15 yana sassauta raɗaɗi. Abin da ba shi da kyau shi ne cusa tafarnuwa, barkono, kanwa ko wani gari da ba a san haɗinsa ba, da kuma kai kai a yanke tsiro da aska ko a yi masa allurar da za ta ƙone shi a ɗakin da ba asibiti ba. Jijiyoyin jini ne a wurin. Mutum na iya zubar da jini har ya galabaita, ko wurin ya warke ya tsuke, ko ya rasa ikon riƙe bayan gida. Magungunan gargajiya masu lambar NAFDAC ma a karanta jikinsu da kyau, domin da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da suke yi ba.

Idan gyaran abinci bai wadatar ba, akwai aikin da ba ya buƙatar kwanciya. Ana ɗaure tushen basir na ciki da wani ɗan ƙaramin roba, ya bushe ya faɗi cikin kwanaki kamar cibiyar jariri. Tun farkon shekarun 1960 ake yin wannan a duniya, kuma cikin mintuna ake gamawa mutum ya koma gida. Tiyata sai ga wanda nasa ya yi nisa.

Abin da nake roƙo

Masu kemis, ku ne ƙofar farko, don haka nauyin ya fi yawa a kanku. Tambaya uku ba za ta kori mai saye ba: Tun yaushe? Shekarunka nawa? Kana ramewa? Idan mutum ya dawo karo na biyu neman na cusawa, ku ce masa, "Baba, wannan ya wuce nan, a je a duba." Ƙungiyarku ta NAPPMED da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa za su iya mayar da wannan ƙa'ida da kowa zai bi. Ribar kwali ɗaya ba ta kai ran maƙwabci ba.

Gwamnatin Jihar Kaduna ta tabbatar cewa a kowace mazaɓa cikin 11 na Birnin Gwari akwai ma'aikaci namiji da mace da aka horar su yi wannan dubawa, da ɗaki mai labule da ƙofa. Ta tabbatar babban asibitin garin na da ɗan bututun leƙa dubura da kayan ɗaure basir, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, sannan a samar da hanyar tura mara lafiya Kaduna ko Zariya ba tare da ya yi ta yawo da takarda ba. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta shigo ƙauyukan da aka daɗe ba a iya shiga ba. Zaman lafiya ba ya cika da buɗe kasuwa kaɗai.

Masarauta da limamai da gidajen rediyo su taya da baki. Mai tallan basir da lasifika ba ya jin kunyar faɗin abin da ya ga dama a tsakiyar kasuwa. Bai kamata mai gaskiya ya fi shi jin nauyin magana ba.

Kai kuma mai karatu, idan akwai baƙar leda a ƙarƙashin katifarka, ka tuna ranar da ka fara. In bai kai mako ba kuma kana samun sauƙi, ka ƙarasa, ka gyara cin abinci, ka sha ruwa. In ya wuce mako, ko wannan ne karo na uku da ka saya a bana, gobe da safe ka je a duba ka. Idan kuma mahaifinka ne ko kawunka ke aikenka sayowa, kada ka tsaya jiran ya yarda kamar yadda na tsaya. Ka nemo mota, ka ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, yau sai mun je."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya.